Gardamar Mahauci da Kurma

Mutari yana cikin ciro wata 'yar ƙusa daga cikin wayar wani direba, ya tura harshe gefen baki kamar yadda ya saba, sai inuwa ta rufe masa tebur. Bai ɗaga kai ba. A bakin tashar Tasawa ranar kasuwa, mai gyaran waya in ya ce zai dubi duk wanda ya tsaya a gabansa, wuyansa ne zai riga wayoyin mutane lalacewa.

"In sharji ne, kuran bai dawo ba, babu wuta," ya ce.

"Ba sharji ba ne, ɗana."

Hannunsa ya tsaya. Ya san muryar. Inna Hawwa ce, mahaifiyar Abdulaziz, tsaye cikin rana da baƙin hijabi, ƙurar hanyar Maijirgi ta yi fari a ƙafafunta. Mutari ya miƙe da sauri har kujera ta kife a bayansa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi haƙuri, ta amsa kowace gaisuwa a hankali ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ya jawo mata benci cikin inuwar rumfa, ya ɗaga murya ya ce wa Gazali mai shayi ya kawo ruwa.

Yau kwana talatin da tara da rasuwar Abdulaziz. Soja ne, an kai musu hari can yamma wajen iyaka, kuma can aka rufe shi tare da 'yan uwansa. Abin da ya iso Maijirgi jaka ce kawai: kaya kala biyu, tazbaha, da waya mai fasasshen gilashi. Mutari ya je gaisuwa ranar uku. Ya zauna cikin maza a ƙofar gida, ya shafa fatiha, ya sulale ya hau moto tun kafin a fito da abinci. Bai shiga ciki ya ga tsohuwar ba, don ya san ba zai iya ba.

Ta sha ruwa, ta ajiye kofin a ƙasa. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wayar. Mutari ya gane ta tun kafin ta gama warware ƙullin, domin shi ya canza mata gilashi sau biyu, kuma duk sau biyun sai da suka yi faɗa a kan wanda ya fi wani ganganci.

"Gobe arba'in," ta ce. "Ranar uku liman ya tashi ya ce duk mai wata magana a rai tsakaninai da mamaci, shi yahe. Kowa ya ce ya yahe. Kai ba ka nan sa'adda anka hwaɗa."

"Na riga na tahi, Inna."

"Na sani. Shi ya sa na taho."

Ba ta ambaci sunan ɗanta ba, kuma ba za ta ambata ba. Abdulaziz ɗan farinta ne. Tun yana cikin zanen goyo ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, ba ta taɓa yi masa wasa ido na gani ba. In ya zo hutu yakan durƙusa nesa da ita, kansa a ƙasa, su gaisa kamar maƙwabta, ta tura ƙanwarsa Sakina ta kai masa fura. Haka aka yi ta, haka ta yi shi.

Ta miƙa wa Mutari wayar. "Sakina ta buɗe man. Ni ban san kan abin ga ba. Taɓa saƙon nan na ƙasa, wanda ke bisa na ƙarshe."

Bai buƙaci a nuna masa ba. Ya taɓa, sai ga muryarsa shi kansa ta fito da ƙarfi cikin rumfar, har Gazali ya waiwayo daga wajen tukunyarsa.

"Kai soja! Wallahi ko bindiga ba ka samun ɗagawa. Sara guda in raba ka biyu. Ko gawarka ba a kai gida, na rantse maka!"

Mutari ya zabura. Ya nemi kashewa, yatsansa ya kuskure, saƙo na gaba ya kama da kansa. Iska na kaɗawa a ciki, ana jin ƙarar mota daga nesa, sannan dariyar Abdulaziz, irin wadda yake yi har ya shaƙe.

"Mutari, kai dai ba ka da kunya. Ni da kai ba mu shiryawa bisa maganar ga har gaban Allah. Tsaya, ana kiranmu. Ka jira ni, ban gama da kai ba."

Saƙon ya ƙare. Daƙiƙa goma sha huɗu ne duka. Daga tasha ana jiyo hayaniyar 'yan kamasho da ke kiran Maraɗi da Damagaram.

Maganar kuwa, in za a faɗi gaskiya, ba ta kai a taso tsohuwa daga ƙauye ba. Shekara goma sha uku da suka wuce aka kawo Abdulaziz kwaleji a Tasawa, aka sauke shi gidan su Mutari, suka raba ɗaki da tabarma. A bayan tasha akwai shagon Mai Nasara mai telebijin biyu da na'urar wasa, can suke ƙarewa duk ranar da babu lakkol, wato makaranta, da ma wasu ranakun da akwai. A nan Mutari ya samu gwaninsa, wani ƙato mai ido ɗaya da adda doguwa kamar ƙyauren ɗaki, wanda ba ya wuce mutum sai ya bar shi gunduwa-gunduwa. Suka sa masa suna Mahauci. Abdulaziz kuma ya ɗauki wani siririn soja na wani wasan dabam, mai yawo shi kaɗai cikin rusasshen gari da bindiga ɗaya, tun daga farko har ƙarshe ba ya cewa uffan. Suka sa masa Kurma. Wasannin biyu ba kamfani ɗaya ya yi su ba, don haka Mahauci da Kurma ba su taɓa haɗuwa ba, ba kuma za su taɓa ba. Wannan bai hana samari biyu masu hankalinsu su kwashe shekara goma sha uku suna gardamar wanda zai kashe wani in an haɗa su ba.

Sun yi ta a aji har mushe, malaminsu, ya kore su. Sun yi ta ranar auren Mutari, ango da babban aboki, manyan riguna a jiki, mutane suna zaton maganar sadaki ce. Da Abdulaziz ya shiga soja sai ta koma cikin waya. Ba ya faɗin inda yake, ba ya faɗin abin da ya gani. In saƙo ya zo cewa Kurma ya gaishe da Mahauci, Mutari ya san abokinsa ya kwana lafiya, shi ke nan. Da tafiya ta yi nisa ma sun daina cewa nawa da naka, sai ni da kai.

Saƙon ƙarshen nan Mutari ya ji shi a ranar da ya zo. Bai amsa ba, wai yana shirya amsar da za ta rufe bakin soja gaba ɗaya. Kwana uku yana juya ta a kai yana murmushi shi kaɗai. A na huɗu aka kira shi daga Maijirgi.

"Inna," ya ce, "wasa ne. Wallahi wasa ne."

"Haka Sakina ta ce. Ta ce wasan telebijin ne. Na ce mata ke yarinya ce, mi kika sani ga maganar maza? Na ji dariya ciki, amma na girma, na san ana dariya da ciwo a rai. Kuma ka ce ba a kawo shi gida." Ta dubi hannuwanta. "Ba a kawo shi ba."

Ba da zargi ta faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Mutari ciwo. Da ta zage shi, da ta ce bakinsa ne ya kama ɗanta, da ya samu abin riƙewa. Kwana talatin da tara ke nan yana faɗa wa kansa wannan maganar, a kan sallaya, a kan moto, a gaban tuwo. Ya san ajali ba ya jin saƙon waya. Sanin bai taɓa sa shi barci ba.

"Ni ba shari'a na taho ba," ta ci gaba. "Shi ya ce har gaban Allah. Da bakinai ya hwaɗa, kuma ita ce ta ƙarshe da ya bari duniya. Ban son shi tsaya can da wata magana rataye. In gona ce, in mace ce, in wani abu ya ɗaukar maka, hwaɗa man. Ni uwatai ce, ni ka biya."

"Bari in nuna miki."

Ya jawo ordinatarsa, wato kwamfutarsa, daga ƙarƙashin tebur, ya goge ƙura da hannun riga. Batir ya kusa ƙarewa amma zai kai. Ya juyo mata da fuskar, ya kare hasken rana da kwali. Mahauci ya fito yana ruri, yana jan addarsa a ƙasa tana tartsatsi, ya daki wani mutum jini ya wanke gilashin. Inna Hawwa ta ja baya, ta ce a'uzubillahi, ta rufe baki da hijabi.

"Wanga mutum ne?"

"Zane ne, Inna. Kamar hoton littahin lakkol, sai dai shina motsi. Babu shi ko'ina."

"To wanga na wa ne?"

"Nawa ne," Mutari ya ce, kunya ta kama shi kamar an tarar da shi yana satar nama a tukunya.

"Lalle ka iya zaɓe," ta ce. Gazali ya yi tari ya juya baya.

Sai ya nuna mata Kurma. Siririn sojan yana tafiya a hankali cikin kangaye, bindiga a kafaɗa, yana tsayawa yana sauraro, yana ci gaba. Ba ya sara, ba ya ihu. Tsohuwar ta matso da benci. Ta daɗe tana kallo, har ta kai yatsa kusa da gilashin ta janye.

"Wanga ne na abokinka."

"Shi ne."

"Bai da ƙiba."

"Bai da."

"To mi ya haɗa su hwaɗa?"

"Ba abin da ya haɗa su. Ba su ma taɓa ganin juna ba. Mu ne dai muke cewa, da za a haɗa su, wa zai ci. Ni in ce nawa, shi ya ce nashi."

"Shekara nawa?"

"Sha uku."

Mutari yana kallon fuskarta yana jiran sauƙi ya sauka a kai, ya kuma sauka, amma bai zauna ba. Wani abu ya biyo bayansa. Ta gane cewa babu gona, babu mace, babu ƙiyayya. Ta kuma gane cewa daƙiƙa goma sha huɗun ƙarshe da ɗanta ya samu a duniya da waya a hannu, a kan zane ya kashe su, kuma ba ita ya kira ba.

"Kullum sai na sa Sakina ta taɓa man saƙonninku," ta ce a hankali. "Duka, tun na bara. Tsoro nike ji, amma ina saurare. Ban taɓa jin shina dariya haka ba. Gabana ba ya ɗaga murya." Ta goge ido da bakin hijabi, sau ɗaya, ta sauke hannu. "Ashe haka muryatai take."

Mutari ya sunkuyar da kai. Wani mai moto ya tsaya zai yi magana, Gazali ya ɗaga masa hannu daga nesa, ya wuce.

"To," ta ce, ta gyara zama. "Ko wasa ne, rantsuwa ta shiga ciki. Ka bar mishi."

"Na yahe mishi, Inna, duniya da lahira. Ni ma shi yahe man."

"Ba yahiya na ce ba. Ba laihi tsakaninku, na gani. Gardamar na ce ka bar mishi. Ka ce nashi ya ci, ga shaida nan," ta nuna Gazali da haɓa, "a rufe maganar kahin gobe."

Abu ne mai sauƙi. Kalma uku ce, yaro ma zai faɗa. Mutari ya buɗe baki, bakin ya ƙi. Ya ji haushin kansa, ƙato da mata da 'ya'ya biyu, tsohuwa ta biyo rana tun daga Maijirgi tana roƙonsa abin da bai kai ƙwayar gero ba, shi kuma yana zaune yana haɗiyar yawu. Amma ya san dalili. Amsar nan da ya shirya kwana uku tana nan a kansa, ba ta je ko'ina ba. Duk safiya in ya buɗe rumfa yakan ƙara mata wani abu. Muddin bai aika ba, bai kuma sallama ba, to akwai wanda ya ce a jira shi, akwai kuma mai jira.

"Inna, ya ce in jira shi," ya ce. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. "In na bar mishi, maganar ta ƙare. Ba ni da sauran abin da zan ce mishi."

"Ta ƙare, ɗana," ta ce. "Ni anka miƙa wa jakar. Ta ƙare."

Gazali ya bar tukunyarsa ya zo ya tsaya a bakin rumfa, ya cire hula ya riƙe a hannu, shi ma bai san dalilin cirewar ba. Ordinatar ta yi ƙara sau biyu ta mutu, gilashin ya yi baƙi.

Mutari ya ja numfashi. "Nashi ya ci."

"Na shaida," in ji Gazali.

Ya zaci za ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta dube shi irin kallon da uwa ke yi wa yaron da ya ce ya wanke hannu alhali ruwa kawai ya taɓa.

"Wanga ba bari ba ne, kora ta ce kake yi. Ni na ga ƙaton nan da idona. Ƙaƙa siririn yaro zai kada shi? Hwaɗa man yadda anka yi."

"Ai ba a yi ba, Inna."

"To yi shi yanzu. Abokinka mi yake cewa?"

Abin da Abdulaziz yake cewa Mutari ya san shi kamar fatiha. Shekara goma sha uku yana toshe kunne, ashe duk ya shiga. Ya goge fuska da tafin hannu, ya dubi ƙasa, ya fara.

"Cewa yake Kurma ba ya zuwa kusa. Wauta ce ka tsaya gaban mai adda. Sai shi hau bisa wani soro tun da asuba, shi kwanta, shi yi shiru. Mahauci shi shigo garin shina ruri, shina sarar ƙyamare, shina neman wanda zai kashe. Ni sai in ce harsashi ba ya shiga jikin Mahauci. Shi sai ya ce ai ba gaggawa yake ba."

"Haka ne," ta ce. "Bai da gaggawa. Tun shina ƙarami."

"Rana ta take. Ƙaton ya gaji, addar ta yi mishi nauyi, ga ƙishirwa. Kurma na nan kwance, ko ƙuda ya sauka mishi a ido ba ya korewa. Shina ƙirga sawunai. Ya lura duk sa'adda zai yi ruri sai ya ɗaga kai sama, maƙogwaro ya buɗe. Wajen nan kaɗai ne babu ƙarhe."

Muryarsa ta fara ƙarfi ba da saninsa ba. Hannunsa ya tashi yana nuna soron, yana nuna inda ƙaton ya tsaya, can wajen masu lemu. Ya ji yana jan kalmomi yadda Abdulaziz ke ja, yana tsayawa inda yake tsayawa don ya ba mutum haushi. Mutum biyu da suka zo karɓar waya suka tsaya a bayan Gazali suna saurare, ba su san kan zancen ba.

"Sai Kurma ya ɗauki ɗan dutse ya jehwa cikin wata rijiya. Mahauci ya juya, ya taho da gudu, ya leƙa, bai ga kowa ba. Haushi ya kama shi. Ya ɗaga kai zai yi ruri." Mutari ya tsaya. Nan ne kullum yake katse abokinsa da ihu, yana cewa ƙarya ne, Mahauci ya riga ya ji warinsa. Wurin katsewar ya zo ya wuce, babu wanda ya katse. "Harsashi guda. Ya durƙusa, addar ta hwaɗi. Bai sake tashi ba."

Inna Hawwa ta saki numfashin da ta riƙe. "Shi yaron, bai ji ciwo ba?"

"Ko ƙwarzane."

"Ba wasu a ɓoye bayan gari?"

"Babu kowa, Inna. Shi kaɗai ne, kuma ya gama da shi."

"Sannan?"

A cikin wasan babu sannan. Kurma ba shi da gari, ba shi da kowa, in ya gama da wannan kango sai a buɗe masa wani. Abdulaziz ma bai taɓa kai labarin gaba da faɗuwar Mahauci ba, nan yake tsayawa ya yi dariya. Mutari ya dubi tsohuwar. Ta ɗan karkato gaba a kan benci, hannuwanta biyu a kan wayar, tana jira.

"Sannan ya sauko daga soron," ya ce. "Ya kakkaɓe rigatai, ya rataya bindiga. Ya sha ruwa a rijiyar. Ya kama hanya."

"Ta ina?"

"Ta gida."

"Da nisa?"

"Da ɗan nisa. Amma ya samu mota."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ya iso?"

"Ya iso, Inna. Tun kahin la'asar."

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Ta ƙulle wayar a bakin zane, ƙulli biyu, ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta yi wa Gazali godiyar ruwa, ta sa wa Mutari albarka, ta ce gobe a zo da wuri, za a fara da hantsi. Ya ce zai kai ta a moto, ta ce a'a, ya zauna ga mutane suna jiransa. Ya raka ta duk da haka har bakin motar Maijirgi, ya riƙe mata ƙofa ta shiga, ya tsaya a wurin har motar ta cika ta tashi.